Ya Karanta Ƙarshen Fim a Fuskata

Da na san abin da zan ji a cikin motar hayar nan, wallahi da ƙafa zan taka har wurin aiki.

Tun da na shiga ake musu, kuma maganar ɗaya ce, wadda ta hana kowa sakat a garin: yadda za a ƙare Ƙofar Gajimare. Fim ne mai dogon zango da ake kawo mana daga waje muna ɗora masa murya. Labarin wata ƙofa ce a sararin sama da aljanu ke ɓullowa ta cikinta, da mata uku da ke ta rigima a kan mabuɗinta. Saura kashi ɗaya a rufe labarin, shi ya sa kowa ya koma malamin duba.

"'Yar Maƙeri ce za ta ƙwace mabuɗin," in ji wata mata mai goyo a gefena. "Yarinyar nan tun zangon farko take shan wuya. In ba su ba ta ba, Allah ya isa tsakanina da su."

"Haba baiwar Allah!" direba ya amsa yana kallonta ta madubi. "Tsohuwa mai kiwon guguwa fa? Kin ga tana shiru-shiru, ita ce macijin ƙaiƙayi. Sarauniya kuwa mutuwa za ta yi, in ba haka ba ki canja mini suna."

Na gyara mayafina. Ba wanda ya san fuskata a motar, amma duk sun san muryata, don ni ce nake yi wa Sarauniya magana. Na kuma san ƙarshen labarin, domin makon jiya muka gama ɗora shi, bayan an sa mu rantsuwar ba za mu gaya wa ko uwar da ta haife mu ba.

Sai wata ɗaliba a baya ta ɗaga wayarta. "Ku dakata, Mai Canki ya saki sabon bidiyo da safen nan!"

Ta ƙure sautin. Muryar da na fi so a duniya ta cika motar.

"Jama'a, ku daina wahalar da kanku. Sarauniya ba za ta mutu ba, ba kuma za ta riƙe mabuɗi ba. Ƙofar nan ba da ƙarfe ake rufe ta ba. Muryarta za ta bayar, ta ƙare labarin da ranta amma ba ta ƙara cewa uffan. Kada ku tambaye ni inda na samo. Ina da majiya mai tushe, tana nan kusa da zuciyata."

Ya yi 'yar dariyar nan tasa.

Ko harafi bai kuskure ba.

Mai Canki shi ne mutumin da na shafe fiye da shekara ina yaƙi da gidanmu a kansa. Sana'arsa ke nan, ya zauna gaban waya yana fashin baƙi a kan fina-finai, yana hasashen abin da zai faru, mabiyansa kuwa kamar fari. Babana tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutum mai nauyin baki, kuma tun ranar da ya ji aikin yaron ya ɗaure fuska. Ya ce wanda bakinsa ne gonarsa, wata rana sirrin gidansa zai shuka. Na yi kuka, na yi ƙin cin abinci, na bi ta wurin Mama, na bi ta wurin Gwaggo. Da ƙyar da jiɓin goshi Baba ya yarda manyansa su zo ranar Asabar a yi magana.

Yau Laraba. Ban san lokacin da na ce wa direba ya tsaya ba.

* * *

Ina shiga situdiyo na ga idanu sun yo kaina. Mai yi wa 'Yar Maƙeri murya, wadda muke cin abinci a kwano ɗaya, ta sunkuyar da kai kamar tana neman wani abu a jakarta.

Manaja ta kira ni ofis, ba ta ce in zauna ba.

"Kin gani?"

"Na ji a mota, ranki ya daɗe. Wallahi tallahi ban gaya masa komai ba."

"Waye majiyar da ke kusa da zuciyarsa? Ni ce?"

"Ranki ya daɗe..."

"Duk ginin nan har mai gadi ya san tsakaninku. Masu fim ɗin sun kira ni tun kafin in karya. Sun ce in ba mu gano ta inda aka ɓula ba, ba za su ƙara ba mu ko tallar sabulu ba. Mutum nawa ke ci a wurin nan, kin sani?" Ta cire tabarau ta murza idonta. "Ki tafi gida sai na neme ki. Kuma ki ji ni da kyau, rantsuwarki tana nan. Ko shi, ko wani, kada ki ce ya faɗi daidai, kada ki ce ya yi kuskure. Laifin da zan ce na dakatar da ke a kai shi ne maganar majiya, ba komai ba."

Na shiga ɗakin ɗaukar murya in ɗauki gorar ruwan ɗumina. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, bangonsa soso, ga makirufo, ga tagar gilashi. Sai da na rufe ƙofar sannan kuka ya ƙwace mini.

"Auta."

Ta lasifika maganar ta fito. Na manta da cewa duk numfashin da aka yi a ɗakin nan, wanda ke bayan gilashi yana ji. Injiniya ne, mai haɗa sautinmu, aminin Yayana tun suna makaranta. Shi ne wanda duk gidanmu suke so in aura. Ba shi da wani aibu da zan nuna da yatsa, ga hankali, ga rufin asiri, riga kullum da guga. Zuciyata ce dai ba ta taɓa motsawa ba in ya yi sallama.

Ya zagayo ya buɗe ƙofar, ya tsaya a bakinta.

"Ni na san ba ki faɗa ba," ya ce a hankali. "Na san ki."

"To ka gaya wa Manaja mana, Yaya Injiniya."

"Zan gaya mata. Magana ɗaya zan yi ta saurare ni, kin san haka. Amma in na tsaya miki, me zan ce in ta tambaye ni gobe fa? Muddin kina tare da shi, duk fim ɗin da aka kawo gidan nan a bakin kasuwa yake. Ko ni ba zan iya rantsewa a kan abin da ban san ƙarshensa ba."

"Wato sai na rabu da shi."

"Ni ban ce ba. Ke kika faɗa." Ya miƙo mini hankici, ban karɓa ba. "Na daɗe ina jira, Auta, ban taɓa takura miki ba. Ban kuma taɓa sa ki kuka ba."

"Na gode."

"Na kira Yayanki. Gara su ji daga bakina da su ji a titi."

Na ɗago na kalle shi. Fuskarsa cike da tausayi, amma na rantse akwai wani abu a ƙasan tausayin nan mai kama da na wanda ya daɗe a layi aka ce saura shi.

* * *

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Mama na tsakar gida tana ninke wanki, Yaya ya baro shagonsa da rana tsaka yana ta kai da kawowa.

"Ga ta nan, uwar 'yan soyayya!" ya ce. "Aikin da kika sha wuya kika samu, kin ɗauka kin miƙa wa mai surutu ya yi talla da shi. Kin huta?"

"Yaya, ban gaya masa ba."

"To aljanun ƙofar ne suka gaya masa?"

"Kai, ya isa," in ji Mama. Ta jawo ni ta zaunar kusa da ita. "Auta, dube ni. Ni na haife ki, ba zan ce kin yi ƙarya ba. Amma ko kin faɗa ko ba ki faɗa ba, namijin da zai tsaya gaban duniya ya ce yana da majiya kusa da zuciyarsa, bai yi tunaninki ba. Da ya yi, da harshensa ya yi nauyi."

"Mama, wasa yake yi. Haka yake magana."

"Da aikinki yake wasa? Da mutuncinki?" Hawaye ya cika idonta. "Gobe in kun yi aure, kika yi ɓari ko kuka yi faɗa, shi ma wasa zai yi da shi? Ga yaron kirki nan yana bin ki kamar jela, ke kuma kin nace sai mai waya. So hana ganin laifi, wallahi."

"Ni dai shi nake so, Mama."

"Ki so shi ɗin!" Yaya ya daka mini tsawa. "Ki ci so, ki sha so. Ranar Asabar in suka zo ni zan tare su a ƙofa."

Duk wannan Baba na falo, labule a sake, yana ji. Bai ce komai ba, kuma shirun Baba ya fi mini ihun Yaya ciwo. Can ya yi gyaran murya.

"Auta."

Na shiga na durƙusa.

"Kira shi ya zo bayan la'asar. Ba a yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa."

Wayata kuwa tun safe take ruri, kiransa a jere. Ban ɗauka ba. Saƙo kawai na tura masa: Baba na nemanka.

* * *

Ya zo da wuri. Na same shi a bakin ƙofar gida, ya jingina babur ɗinsa da katanga, fuskarsa cike da murna. Bai ma san abin da ya yi ba.

"Sarauniyata! Kin ga yadda bidiyon ya tashi? Tun da na fara aikin nan ban taɓa..." Ya tsaya. "Me ya sami idonki?"

"An dakatar da ni."

"Dakatar... saboda me?"

"Saboda majiyarka mai tushe."

Murmushin ya zube daga fuskarsa. "Inna lillahi. Amma ai ba ki gaya mini komai ba! Wallahi zan iya dafa Alƙur'ani."

"Na sani. Ni ma abin da nake ta faɗa ke nan tun safe, ba wanda ya yarda. To yanzu kai ka gaya mini. Ina ka samo maganar nan?"

Ya sosa ƙeya, ya kalli ƙasa.

"Ka yi magana!"

"Ruwan sanyi," ya ce.

"Me?"

"Ke kika koya mini cewa mai ɗora murya ba ta shan ruwan sanyi a makon aiki. Tun da na san ki, in kuna ɗauka, gorar ruwan ɗumi ce a hannunki, ko na saya miki lemo sai ki ce in bari ya huce. Da dare ya yi muryarki ta dishe, ko waya ba kya son yi. To makon jiya, makon da kuke yin kashi mafi tsawo, na zo ɗaukarki na ga kin sayi ruwa mai ƙanƙara kin shanye a gabana. Muryarki garau. Sai na ce to, Sarauniya ba ta da magana mai yawa."

Na dafa ƙofa.

"Da farko na ɗauka mutuwa ta yi," ya ci gaba, kuma Allah ya gani, idonsa har ya fara ƙyalli kamar yadda yake yi a gaban waya. "Amma na lura har ranar ƙarshe kina zuwa aiki. Wadda ta mutu me za ta je yi? Sai na tuna kin taɓa ce mini ko numfashi da shesshekar kuka ku kuke ɗorawa. Ke nan tana raye, tana numfashi, ba ta magana. Sannan..."

"Sannan me?"

Ya kawar da kai.

"Ƙarasa mana, malamin duba."

"Ranar da muka zauna a nan, na ce miki muryarki na fara so kafin in ga fuskarki. Sai kika fashe da kuka, kika ce in da za ki wayi gari ba ki da murya, zan zauna da ke?"

Wannan ce ta karya ni.

Na tuna ranar. Na fito daga ɗakin soson nan bayan na wuni ina kuka marar sauti a madadin wata mata da ta ba da abin da ta fi so, zuciyata a dagule, ga fargabar Baba. Na zo wurin mutumin da nake ganin shi ne mafakata, na yi masa tambayar da ta fito daga can cikin raina. Ya riƙe gefen mayafina ya ce ko bebiya ce ni shi ya ji ya gani. Ranar ban yi barci ba don daɗi.

"Ashe lokacin da nake kuka, kai lissafi kake yi," na ce.

"A'a! Wallahi a lokacin da gaske nake. Daga baya ne, da na koma ɗaki, abin ya haɗu a kaina. Kin san yadda kaina yake, ba na iya hana shi."

"Kanka ba ka iya hana shi. Bakinka fa? Shi ma ba ka iya hana shi?"

"Na ɗauka tun da ba ki faɗa ba, babu laifi a kanki."

"Na ɓoye wa Mama. Na ɓoye wa ƙawayena. Kai kaɗai ne ban ɓoye wa fuskata ba, don na ɗauka a wurinka ba sai na yi tsaro ba." Kuka ya ci ƙarfina, na ci gaba a haka. "Shekara guda ina ce wa Baba bai san ka ba. Na ce masa surutunka na waje ne, a cikin gida kai rijiya ne. Yau da wane ido zan kalle shi? Ka ɗauki hawayena ka kai kasuwa, har kana dariya!"

Ya durƙusa a nan bakin titi, bai damu da masu wucewa ba. Hawaye na bin kumatunsa.

"Ki yafe mini. Na yi wauta, na yi son a sani. Ki zage ni, ki mare ni, amma kada ki ce kin fasa. In na rasa ki ban san me zan yi da raina ba."

"Tashi, mutane na kallo."

"Ba zan tashi ba sai kin ce kin yafe."

"Tashi na ce. Ba ni ce zan yi maka hukunci ba, Baba na jira."

* * *

Falon ya cika. Baba na kan kujerarsa, Mama a gefe, Yaya a tsaye ya harɗe hannu. Ban san lokacin da Injiniya ya zo ba, sai ganinsa na yi a zaune kusa da taga, wai ya kawo mini cajar wayata da na manta a wurin aiki.

Mai Canki ya zube a kan tabarma ya gaida Baba. Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. 'Yata ce ta gaya maka?"

"A'a, Baba."

"To waye?"

Da ya so, da ya ce hasashe ne kawai, sa'a ya ci, maganar majiya kuma kurin banza ce. Ba mai iya ƙaryata shi.

"Ba wanda ya gaya mini, Baba. Sata na yi. Ta yarda da ni, ta saki jiki a gabana, ni kuma na ɗebi abin da na gani a fuskarta na kai wa mutane. Ita ba ta da laifi ko na ƙwayar zarra. Duk abin da kuka taɓa faɗa a kaina, yau na tabbatar muku da shi da hannuna."

Ya zayyana komai, har ruwan sanyin, bai rage ba. Maganar kukana kaɗai ya tsallake, kuma na ji daɗin hakan.

"Kun ji ko?" in ji Yaya. "Da bakinsa! Baba, me ake jira?"

"Ina magana kana magana?" Baba ya ce ba tare da ya juya ba. Yaya ya ja bakinsa.

Mai Canki ya ciro wayarsa. A gabanmu ya goge bidiyon, wanda bai taɓa samun irinsa ba. "Gobe da sassafe zan je wurin Manaja in faɗa mata abin da na faɗa muku. In ta so in yi wa masu fim ɗin bayani, zan yi. Kuma muddin Auta na aikin nan, ba zan ƙara taɓa fim ɗin da muryarta ke ciki ba."

"An riga an kwafe shi a wayoyi dubu," Injiniya ya ce a hankali, kamar mai ba da shawara. "Gogewa ba ta mayar da ruwan da ya zube."

"Gaskiya ne," in ji Baba. "Amma kai baƙo ne a maganar nan, ɗana."

Injiniya ya sunkuyar da kai.

Baba ya juyo kan Mai Canki. "Na yi aiki a gidan waya har na tsufa. Wasiƙar mutane ta bi ta hannuna ba iyaka. Wata takardar ba ta da kauri, in ka ɗaga ta a rana za ka karanta abin da ke ciki ba tare da ka yage ba. Kuma ba wanda zai ce ka buɗe. To ni ban taɓa ɗagawa ba. Ka gane?"

"Na gane, Baba."

"Na zaci za ka yi mini ƙarya, ba ka yi ba. Wannan ya sa zan bar Asabar a inda take."

Mama ta yi salati a hankali.

"Amma ka yi mini alkawari a gaban uwarta. Daga yau, abin da 'yata ba ta ba ka da bakinta ba, ba naka ba ne. Kada ka nema, kada ka leƙa."

"Na yi alkawari, Baba. Allah ne shaida."

Ban san lokacin da na kifa kaina a cinyar Mama ina kuka ba, wannan karon na daɗi. Wallahi a lokacin ji na yi duk duniya ba wanda ya kai ni sa'a. Na ce a raina, ga shi nan, Baba ya gani da idonsa, mutumin da na zaɓa ba ya ƙarya ko da wuƙa a wuyansa.

"Raka shi ƙofa," in ji Baba.

* * *

Rana ta yi sanyi. Yara na ta ƙwallo a ƙarshen layi. Ya tsaya kusa da babur ɗinsa yana share fuska da hannun riga, muka kalli juna, dariya ta kusa kama mu.

"Na ɗauka yau na rasa ki," ya ce.

"Saura ƙiris."

"Kin yafe?"

"Na yafe. Amma ka sani, ban taɓa jin ciwo irin na yau ba."

"Ba za ki ƙara ba, in Allah ya yarda." Ya hau babur, ya sa makulli. Sai ya tsaya bai tayar ba. Ya waiga ya kalli ƙofar gidan, ya matso da kansa kusa da ni, ya rage murya.

"Amma tsakanina da ke, Sarauniyata... na canka, ko?"

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Me ka ce?"

"Ba don in faɗa wa kowa ba, wallahi. Don raina kawai. Kuma mabuɗin fa? In ƙofar ta rufe, ai dole ya faɗa hannun ɗaya daga cikin biyun. 'Yar Maƙeri ce ko tsohuwar?"

Sai na lura ba amsata yake jira ba. Da ya ce 'Yar Maƙeri idonsa na kan bakina, da ya ce tsohuwar ya koma kan girata. Hawayensa ko bushewa bai gama yi ba, alkawarin da ya yi wa Baba ko hucewa bai yi ba, ga shi yana ɗaga ni a rana yana karantawa.

Kuma abin da ya fi ci mini rai, ba mugunta ba ce. Bai ma san yana yi ba.

Na ja mayafina na rufe fuskata gaba ɗaya.

"Auta? Wasa nake yi! Auta, don Allah tsaya!"

Na shige na turo ƙofar, na zura sakata. Ina juyowa na ga Baba tsaye a soro da butarsa a hannu, zai fita masallaci. Ban san tun yaushe yake wurin ba, bai kuma tambaye ni komai ba. Kallona kawai yake yi, kuma babu ko ɗigon murna a idonsa.

A waje ana ta buga ƙofa.

"Baba," na ce, "ka aika wa manyansa kada su wahalar da kansu ranar Asabar."

"Kin tabbata?"

"Ka yi gaskiya tun farko. Hali zanen dutse ne."

Baba ya ajiye butar, ya dafa kaina. Bugun ƙofar bai tsaya ba, yana ta kiran sunana yana kuka, ni kuma ina jingine da ƙofar daga ciki, ina jin kowane bugu a bayana. Ban taɓa son sa kamar yadda nake son sa a lokacin ba, kuma ban buɗe ba.